Wutsiyar Kalma

Buhu arba'in na aya na ɗora wa motar Jibiya
wata Talata, kafin azahar.
Yaron Alhaji Mamuda ya miƙo mini takarda
mai shuɗin hatimi,
Ingilishi a jere ƙanana kamar ƙwan tururuwa.
Ni lakwal ɗina na Faransanci ne, shi ma aji huɗu na tsaya,
amma kalmar biya na san kanta,
na sha ganin ta a rasit ɗin Dawanau.
Na ga kan, na ce alhamdu lillahi,
na ninke, na cusa a aljihun gaba.

Sati biyu ina sintiri a banki.
Har mai gadi ya san tarina.

Daren Juma'a aka ɗauke wuta a Bagalam.
Barira ta haska takardar da fitilar salula,
ta bi layin da farcenta mai sauran lalle,
ta tsaya.
Ta ce, Baba, wanda ka sani fed ne, an biya, an gama.
Wannan feyabul ne.
Kai ɗaya gare su, wutsiya ta raba.
Za a biya, in ji shi, bayan kwana casa'in.

Na ji kamar na tauna tsakuwa cikin aya.

Ta ce in zauna, ni da na haife ta.
Ta share ƙasa da tafin hannu, ta rubuta yus.
Amfani ke nan, in ji ta.
Sa masa ful, ƙwarya ta cika har baki.
Sa masa les, an kife ta,
zagin nan da direbobi ke yi wa yaran mota.
Direban ma da wutsiya aka yi shi,
haka fenta, haka birkila.
Mu a goshi muke ɗaura wa mutum sana'arsa,
matuƙi, maɗinki, magini,
su kuwa a baya suke rataya masa ita
kamar goyo.

Na ce wannan wane irin yare ne
da ke ɓoye dafinsa a baya kamar kunama?
Mutumin kirki a fuska ake karanta shi.

Ta yi dariya har uwarta ta leƙo daga ɗaki.
Ta ce, Baba, saya.
Na ce na ji.
Ta ce, sayar.

Ban ce komai ba.

Shekara talatin ina tsaye a El Kasuwa
tsakanin kalmomin nan biyu,
in sayo a ƙauye, in sayar a birni,
in saye kaka in jira bazara.
Ɗan harafin da ke lanƙwashe a ƙarshe
shi ya yi rufin kwanon nan,
shi ya biya kuɗin littafin da take karanta ni da shi,
ban taɓa juyawa na dube shi ba.

Yanzu in aka ba ni takarda
yadda ake cinikin jar akuya nake yi:
ba na ruɗuwa da ƙaho,
baya nake fara lalubawa in ji ko da nama.

Na zuba aya casa'in a kofin shayi.
Kowace safiya in tauna guda.
Yau saura sittin da ɗaya,
in Barira ba ta saci biyu ba.