Zara Daga Kan Dutsen Birni

Ƙarfe shida nake leƙa gwangwanin awon ruwa
a bayan filin jirgi.
Yau ma ƙadangare na tarar a ciki.
Na rubuta sifiri, na sa hannu.
Kwana sha tara ke nan ina jera ƙwai a littafi.

Da magariba na hau dutsen Birni,
bai huce ba tukuna, yana gasa mini tafin ƙafa.
Ga Zara can yamma, ta sha kwalliya.
Kakata matar wata take ce mata.
Mushe Harisu, da ya koya mana taurari a lakwal,
ya ce kada hasken ya ruɗe mu:
bargonta ya yi kauri, hayaƙi bisa hayaƙi,
zafi ya shiga ya rasa ƙofar fita,
ko dalma ka ajiye a ƙasarta sai ta narke.
Mirrihi kuwa tsumma ya yafa,
iskarsa ta zurare ta bar shi
da busassun ƙoramu kamar tsagar fuskar tsoho.

Tsakaninsu mu ne,
mayafinmu bai fi ɓawon albasa ba,
ana ta ƙara masa zare, ba mai aunawa.
Ban san nawa ne namu a zaren ba.
Mu da ke jera jarka tun asuba a Garin Malam,
hayaƙin me muka tara?
Amma zafi ba ya tambayar wa ya hura wutar.

Inna Kuluwa a Dogo ba ta san Mirrihi ba.
Gawo ta sani.
In ta ga toho a gona sai ta rage rassa, ta bar biyu,
ta ɗaura jan ƙyalle don masu gatari.
Bana ta haƙa rabin wata arba'in a faƙo,
kowanne ya buɗe baki wajen tudu
yana jiran ruwan da ban rubuta ba.
Ta aiko a tambaye ni yaushe za a shuka.

Me zan ce mata?
Allon ofis ya nuna hadari na haɗuwa wajen Tafkin Cadi,
wataƙila jibi,
wataƙila ya bi ta Magarya ya tsallake mu.
Na ce da ɗan aiken ta riƙe irinta,
kada ta yi binne tukuna.

Na sauko. Zara ta faɗa bayan gidaje.
Kafin in kwanta na koma filin jirgi,
na kori ƙadangaren,
na goge gwangwanin da bakin rigata,
na daidaita masa zama.