Silallan da Wapa Ta Ƙi

Ran Talata na sauka a Wapa,
ambulan a aljihun gaba, tafina a kansa
kamar mai ciwon ƙirji.

Ɗan'azumi ya ja mini benci.
Ya lashi yatsa, ya ware takardun:
yuro gefe, dala gefe,
lirar Turkiyya ya ɗaga wa haske, ya yi tsaki,
fam ɗin Masar ya ce sai in ɗalibi mai tafiya ya leƙo.
Sannan na zazzage silallan.
Suka watse a tebur kamar an ɓarar da cokula.
Ya ce, "Malam Hashimu, ba ma sayen ƙarfe."

Shekara talatin da biyar ina riƙe da littafin kuɗi
a masaƙar Bompai,
ban taɓa kwana da kwabon da ba shi da gurbi ba.
Ga ni yau da tafi cike da marayu.

Zulai ce ta biya mana jirgin,
da gumin aikin dare a asibitin ƙasar sanyi.
Kwana tara a gida mai hawa goma sha biyu
yana tafiya a kan ruwa kamar ba ya tafiya.
Ta ce, "Baba, an biya komai."
Ashe komai ɗin bai haɗa da taka ƙasa ba.

Kati guda suka ba mu: shi ne mukulli, shi ne lalita.
Ka sha lemo, a goga.
Ka nemi bas zuwa gari, a goga.
Ba ƙara, ba canji, ba a yi maka ragi,
kuɗi na fita ba sallama.

A tsibiri na uku suka ce dala tamanin kowane kai
don a je a ga kangon mutanen da.
Na juya ta naira a bayan tikiti,
sifirin suka yi layi har bakin takarda.
Na ce wa Tasalla,
"Dala ɗaya na sani, tana nan bayan gidanmu,
tun ina yaro nake hawanta, ba wanda ya goge mini kati."

Ba ta ce uffan ba.
Ta kwance bakin mayafi.
Kuɗin adashinta ne, ta canza tun a gida ban sani ba,
a nan Wapa, ƙila a kan bencin nan.
Ta bi 'yar tutar jagora ta sauka,
ni na zauna a rufin jirgi ina gadin lissafi.

La'asar ta dawo, takalminta fari da ƙasar wani wuri.
An cuce ta a canji, na gani a rasit:
mai shago ya ce ta biya da dala, ya mayar mata da ƙarfe.
Na fara nuna mata inda aka yanke,
ita kuwa tana ba ni labarin wata tsohuwa
da ta ɓare mata ɓaure a bakin rijiya,
ba Hausa, ba Turanci,
suka yi dariya har bas ya yi musu oda.

Wata biyu ke nan.
In an ɗauke wuta, jikoki sun kewaye ta,
tsibirin take buɗewa.
Ni in an tambaye ni, sai in ce ruwa shuɗi ne,
kuma shayinsu da tsada.

Ɗan'azumi ya ƙirga mini nairata, ya ɗaure da roba.
Dala tamanin ɗina tana ciki, lafiya lau,
har ta yi ƙiba a hanya.
Na tattara silallan ɗaya-ɗaya.
Wata mai hoton mujiya ta gangara ƙarƙashin benci,
na durƙusa da gwiwar nan tawa ina lalube.

Ya ce, "Bar ta mana, ko ruwan leda ba za ta saya ba."
Na ce, "Ba tawa ba ce.
Canjin Hajiya ne."