Kujeru Biyar

Na kai shi ne yadda ake kawo min mota a Suwame:
ga ta nan, ta ƙi tashi, a duba, zan dawo da la'asar.
Matar ta dubi takarda, ta dube ni,
ta ce, "Talata ku zo duka gidan."
Na ce ai shi ke shan tiramol, ba mu ba.
Ta ce ta ji. Ta sa aka ƙaro kujeru.

Kujerun roba biyar, ɗaya an ɗaure ƙafarta da waya.
Ta taga yaran mota na ta kiran Kejetiya.
Madam Firimpoma, Hausarta ta cikin kasuwa ce,
amma in ta ɗora tambaya
sai ta zauna daram, kamar sufana a kan noti.

Sahadatu ce ta fara:
sidi ashirin-ashirin daga cinikin kokonta,
don kada ya taɓa na mutane.
Uwarsa ta ce ita ke share fankon ƙwayar
kafin in dawo daga Asuba,
shekara biyu tana ƙona su a murhu, ƙarƙashin tukunyar wake.
Ni ina jinjina kai, na samu masu laifi.

Sai matar ta juyo.
"Baba, tun shigowarka kana cewa yaron nan.
Yaya sunansa?"

Ni na raɗa masa shi, na yanka rago a Aboabo.
Sai ga shi ya maƙale min a wuya
kamar kusar da tsatsa ta ci.

Munkaila, na ce.
Ya ɗago. Rabon da in ga tsakiyar idonsa har na manta.

Ya ce, "Ranar da giyabos ya murɗe min baya
ina ɗan sha shida,
ka ce namiji ba ya cewa wash.
Da yamma wani ya ba ni guda biyu. Ban sake cewa wash ba."

Shekara talatin ina gaya wa direbobi
in mota na ja gefe guda
ba a duba taya ɗaya.

Yanzu Talata goma sha ɗaya ke nan.
Sahadatu ta koyi cewa babu, tana kuka tana faɗi.
Uwarsa ta bar shara kafin gari ya waye.
Ni an ba ni aikin da ya fi sauke inji nauyi:
in saurara har mutum ya kai aya.

A ta tara ya zame.
Shi ya faɗa da bakinsa, a tsakar gida, tuwo na kan wuta.
Hannuna ya tashi don kansa,
na bi shi, na kamo shi, na sa a aljihu.
Na ce, bayan ne?
Ya ce a'a, Baba, wannan karon ba bayan ba ne.
Na jawo benci. Na ce to, faɗa min.