Ƙarfe Nawa?

Shekara arba'in mahaifina yana gyaran agogo
a 'yar rumfarsa ta bakin Ƙofar Guga,
gilashi a ido ɗaya, tsinke a hannu.
Daga bugun agogo yake gane ciwonsa.
Yau shi ke tambayata, "Shitu, ƙarfe nawa?"
In faɗa masa, ya gyaɗa kai,
kafin in ajiye buta ya sake tambaya.

Na koyi canza zanen gado ba tare da na tashe shi ba.
Na koyi dama koko ba gudaji,
da murƙushe ƙwayar hawan jini a cokali,
da yanke farcen da ya yi tauri kamar ƙaho.
Abu ɗaya ya gagare ni: buɗe baki.
In an ce, "Ya jikin tsoho?"
sai in ce, "Da sauƙi,"
in wuce makaranta da jajayen idanu,
ina rubuta wa yara lissafi a allo
ina gyangyaɗi a tsaye.

Yayata tana Funtuwa da 'ya'ya shida.
Ƙanena yana Legas, muryarsa kawai ke zuwa gida.
Na ce wa kaina, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai wani daren Laraba, damina ta kankama,
barci ya sace ni a kan tabarma.
Na farka, ƙofar zaure a buɗe,
takalminsa ɗaya a bakin kwata.
Na bi lungunan Rafindadi da fitilar waya
ina ƙwala kiran sunan
da ban taɓa furtawa da bakina ba.

A bencin Ɗanlami mai shayi na same shi,
an lulluɓa masa bargo, kofi a hannu,
yana ta bayanin abin da ke sa agogo latti.
Ɗanlami bai ɗago daga tukunyarsa ba ya ce,
"Malam, karo na uku ke nan.
Sauran biyun da rana ne, ni na mayar da shi.
Unguwa ta daɗe da sani.
Kai muke jira ka yi magana."

Na zauna a gefen benci,
ruwa na zuba daga bakin kwano,
ba wanda ya tambaye ni me ya jiƙa mini fuska.

Yanzu akwai sunaye a bayan kalanda.
Baba Tasalla, da ta yi ritaya daga babban asibiti,
ta nuna mini yadda ake juya shi
don kada kwanciya ta ci masa baya,
ta kuma yi mini faɗa kamar ita ta haife ni.
Ɗanlami ya rataya ƙararrawar keke a ƙofar zaure.
Yayata na zuwa ƙarshen wata, ta kwana uku,
ta kore ni daga ɗakin.
Ƙanena ya ɗauki kuɗin magani,
wani watan ya cika, wani watan sai na ƙara.
Litinin da Alhamis kuwa na Magaji ne,
yaron da ya koyi sana'a a rumfarsa,
yanzu shi ma da furfura.
Yakan zo da matattun agoguna a gwangwanin madara,
ya zube su a faifai, ya ce,
"Maigida, sun fi ƙarfina."

Bai warke ba.
Shekaranjiya da sunan wansa ya kira ni,
wanda ya rasu tun ban shiga firamare ba.
Amma na yi barcin awa biyar a jere,
har na yi mafarki.

Jiya ya miƙo mini wani agogo mara murfi,
ya ce, "Na gyara."
Na ɗaura a hannu.
Allurarsa na kan huɗu da minti goma, ba ta motsi.
Can ya ce, "Ƙarfe nawa?"
Na duba, na ce, "Huɗu da minti goma, Baba."
Ya ce, "To, da sauran lokaci,"
ya jawo faifan gabansa.