Haske a Kan Tozo

Kwana uku ina murza yumɓu a gindin rumbu.
Na fitar da sa guda, bai fi babban yatsana ba,
da garma, da mutum a bayanta ya sunkuya.
Baba ne, amma ban yi masa fuska ba.
Wanda ya san shi zai gane shi daga doron baya.

Fentin ragowar ƙofar kemis ɗin Tanimu ne,
rabin gwangwani, ya yi fata kamar kunun da ya kwana.
Na shafa da la'asar.
Da asuba na taɓa ƙahon,
sai launin ya biyo yatsana
kamar saɓar maciji a jikin darni.

Na ce laifin fenti ne, ya tsufa.
Ranar kasuwa na taka keke har Gujungu,
na sayo sabo, na tsinka shi da kananzir.
Shi ma ya tashi, ya yi ƙuraje,
ya ɓare daga wuya zuwa wutsiya.

Hansai mai tukwane ta biyo da tulu a ka.
Ba ta sauke ba, ta miƙa hannu ta ɗauki san,
ta kara shi a kumatunta.
Ta ce, "Da sanyinsa. Ruwa bai bar cikinsa ba.
Kuma ka ci ƙuliƙuli ka taɓa shi,
ga maiƙo nan a kwiɓi.
Fenti ba ya zama inda mai ya riga shi kwana."

Ta tafi da su duka cikin haɓar zane,
ta gasa su a bakin wata randa.
Suka dawo jajur, suna ƙara in an ƙwanƙwasa.
Na wanke hannu da toka,
na goge su da ganyen ɓaure,
na jiƙa ƙaro da farar ƙasa,
na yi musu shimfiɗa siririya,
sannan na yi abin da ya fi wuya:
na ƙyale su har jibi.

Ya kama.
Na kankara da farce, bai motsa ba.
Amma san ya zama curi baƙi ƙirin,
ba tudu, ba kwari, ba numfashi.
Sai na ɗiga masa fari a tozo.
Mati, ɗan ƙanwata, ya faɗi ƙasa don dariya:
"Kawu, balbela ta yi masa kashi!"
Na ɗauko reza.

Washegari na tsuguna a turken Barau
tun kafin a kwance shanu.
Ashe hasken ba fari ba ne.
Launin san ne da kansa, rana ta ɗan wanke shi.
Kuma ba ko'ina yake sauka ba:
kan tozo, ƙashin ƙugu, tsinin ƙaho,
danshin hanci.
Ƙarƙashin ciki kuwa dare bai tashi ba tukuna.

Na tsinko gashin wutsiyar akuya,
na ɗaure a karan gashin zabo,
na tsoma, na share a tsumma
har ya kusa bushewa,
na ja shi sama-sama,
kamar mai kore ƙuda daga fuskar jariri.
Sai ga tozo ya taso.
Sai ga sa yana jan garma.

Saura Baba.
Layi ɗaya na yi masa a kafaɗar hagu,
inda gumi yake ƙyalli.

Da dare Inna ta kai shi dab da fitila,
ta juya shi, ta daɗe.
Ta ce, "Shi ne.
Amma kunyar farko arewa yake nufa,
rana ta dama take kama shi."

Ta ajiye shi a hankali kan faifai.
Rezar tana nan inda na bar ta.