Kundin Ɗaki Na Tara

Na buɗe kundin yau da hantsi.
Gara ta ci rabin shafin farko,
ta bar sunayenmu bakwai
da tabon shayin da Maikano ya zubar.

A Dang ne, bayan garin Ngaundere,
shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa.
Kowace ƙungiyar ɗalibai da ƙofarta,
kowace ƙofa da tambayarta:
kai ɗan ina ne?
Na ce ɗan nan.
Suka ce a'a, asali muke nufi.
A nan aka binne kakana, kusa da kasuwar shanu,
amma ƙamshin goron fatake
bai bar rigarmu ba tukuna.

Sai muka koma ɗaki na tara,
mai yoyo ta kusurwar gabas.
Jatau ya kawo gwangwanin madara, ya zama asusu,
sefa ɗari ɗari duk ranar Juma'a.
Barmo ya ƙirƙiro gaisuwar sirri,
yatsa uku a kan jijiyar hannu,
har muka manta dariya ce mafarinta.
Da zazzaɓi ya kayar da Ɗanlami daf da jarrabawa
gwangwanin nan ne ya sayo allura,
mu shida muka kwafe masa darasi, kowa da irin rubutunsa.

Jiya 'yata Ladidi, mai karatun tarihi,
ta ce: Baba, ba ku kuka fara ba.
A Amurka, shekara ɗari da ɗoriya,
an rufe wa ɗaliban Yahudawa ƙofa,
suka gina nasu zauren,
suka liƙa masa haruffan Girka kamar na kowa,
suka yi rantsuwa, suka raba hayar gida.
Na ce ashe rashin uwa
akan yi uwar ɗaki ko'ina.

Ta ce: to da kuka yi ƙarfi fa?

Na juya shafi.
Shekara ta huɗu, mun kai arba'in da biyu,
mun kama gida mai baranda,
da tambari, da ma'aji, da tarar makara.
Ga sunan nan an ja masa layi da jan biro:
Dangwe, yaron Tupuri daga Kaele,
maƙwabcinmu, da ke ara mana risho.
Ya zo da sefa ɗarinsa a tafin hannu,
ya gaishe mu da Hausar da ya koya a bakinmu.
Wani ya tambaye shi: kai ɗan ina ne?

An ƙirga hannuwa.
Kundin ya ce ashirin da uku.
Bai faɗi na wa da na wa ba,
amma ni na san nauyin nawa,
yadda ya tashi a hankali
kamar mai korar ƙuda.

Ladidi tana jira.
Shayina ya huce.
Gara, da ta san aikinta,
da wannan shafin ta fara.