Takardun Ƙasan Adaka

Ran da muka buɗe adakar Baba,
bayan sadakar arba'in,
ba zinare, ba azurfa,
sai takardu huɗu a tsumma,
masu jan hatimi,
gara ta ɗanɗana gefensu.

Yaya Inuwa ya ce, "Shirme."
Ni na zauna na karanta:
hannun jari ɗari biyar
a wata masaƙa can Bompai,
inda yau awaki ke kwana
a gurbin injinan da suka yi ruri.

Baba tela ne a Fagge,
keke ɗaya, bashi biyu,
amma yana da ɗan yanki
a bututun nan mai hayaƙi.
In jiniyar safe ta busa
sai ya ce, "Ku ji, tawa ke kira."

Na tuna hirarsa ta dare.
Wai kakansa Ɗangwanja
bai taɓa mallakar ayari ba,
jaki ɗaya ya zuba a ciki,
wani ya sa kanwa, wani turkuɗi,
madugu ya riƙe lissafi a ka.
In goro ya iso Kurmi lafiya
kowa ya ɗiba gwargwadon zubinsa,
in mahara sun tare hanya
kowa ya koka gwargwadon zubinsa.
"To ita ce dai," in ji Baba,
"sai dai madugun yanzu yana Ikko,
jakin kuma ba ka ganinsa."

Sai shekarar da gari ya ruɗe.
Mai shayi, direba, ungozoma,
kowa na layi a ƙofar banki
ana sayen takarda kamar ƙosai.
Farashi ya yi tashin gwauron zabo.
Baba ya sayar da filinsa na Hotoro.
Aka kwana, aka tashi,
naira hamsin ta koma bakwai.
Bai ce uffan ba.
Ya rataya awo a wuya,
keke ya yi ta kuka har asuba.

Jiya na hau bene wajen dillalai.
Wata yarinya, Nafisa,
ta danna na'ura, ta gyara tabarau:
"Hajiya, uku sun mutu.
Ta huɗun, ta kamfanin fulawa,
tana raye, tana haihuwa,
shekara goma sha tara
ribarta na jiran mai ita."

Ba ta kai kuɗin fili ba.
Ko katangarsa ba ta kai ba.
Malam ya zo ya raba gado,
Yaya ya ɗau biyu, na ɗau ɗaya,
bai ƙara cewa shirme ba.

Matattun ukun ba wanda ya nema.
Na naɗe su a tsummansu.
Da safe in na bi ta Bompai
nakan rage tafiya kaɗan,
ko da jiniya za ta busa.